Sunan Pichichi a cikin fassara

Yau da yamma ƙanena, wanda yake koyon Sifaniyanci, ya kawo mini wani rahoton wasa na Marca, jaridar wasanni ta ƙasar Sifaniya, da ya mayar zuwa Turanci domin in duba masa. Aikin ya yi kyau ƙwarai, amma da na iso inda ɗan jaridar ya kira wani ɗan wasa pichichi, sai na tarar ƙanena ya rubuta wanda ya fi cin ƙwallaye kawai. Ma'anar daidai take, sai dai abin ya tsaya mini a rai, domin Pichichi laƙabin mutum ne, wato Rafael Moreno Aranzadi na ƙungiyar Athletic Bilbao, wanda ya ci ƙwallon farko a San Mamés, filin ƙungiyar, a 1913, ya kuma rasu a 1922 yana da shekara 29. Tun 1953 Marca take ba gwanin zura ƙwallo na La Liga kofi mai sunan Pichichi.

Na ce masa: "Ƙanena, bar sunan yadda yake, ka ƙara ɗan bayani a gefensa." Ina so mai karanta Turanci shi ma ya san saurayin da Sifaniyawa suke tunawa duk shekara.