Farin fenti a kan kwano: yadda ake yi ya daɗe

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kwano mai duhu yakan kai digiri 70 da azahar. Shi ne ke gasa silin, silin ya gasa ɗaki, a wayi gari fanka sai iska mai zafi take kaɗawa. Baƙi da ruwan ƙasa da kore mai duhu, waɗanda ake yayi a sababbin unguwanni, suna shanye kashi 80 ko fiye na hasken rana. Farin fenti sabo kuwa yana mayar da kashi 70 zuwa 80. A cikin ɗaki bambancin yakan kai digiri 2 zuwa 5, ya fi yawa inda babu silin.

Sabon kwano mai ƙyalli yana ruɗin mutane. Yana mayar da haske, amma ɗan zafin da ya sha ba ya sakinsa da sauri, kuma da ya dusashe ko ya yi tsatsa, shi ke nan.

Fentin da ake nema shi ne akirilik na rufi, mai kauri, wanda ke miƙewa idan kwano ya buɗe da rana, ya koma idan ya tsuke da dare. Fentin ruwa na bangon ɗaki damina ɗaya ke cinye shi. Fentin mai a kan kwano mai zinki kuma ba ya kamawa, saɓulewa yake yi kamar ɓawon albasa.

Wahalar aikin tana wajen shiri, kuma nan masu fenti ke yin ha'inci. A fara da ƙusoshin da suka ɗago, a canza su, a toshe duk inda ke yoyo. A goge tsatsa da burushin waya har ƙarfe ya bayyana, a shafa jan fentin hana tsatsa a wuraren kaɗai. Sai wanki da omo da tsintsiya, a ɗauraye, a bari ya bushe ƙayau. In ka shafa tafin hannu ya fito da ƙura, da sauran aiki. Mai hawa ya riƙa taka layin ƙusa, nan katako yake, in ba haka ba kwano ya lotsa, ruwa ya sami wurin kwanciya.

Shafi biyu ake yi, kwana guda a tsakani. Lita ɗaya tana cin kusan murabba'in mita 2.5 a shafi guda, don haka bokiti mai lita 20 ya ishi ɗaki mai ƙafa 12 da 12 har da ragi. Kada a yarda a tsinka shi da ruwa don ya yi auki, kaurin ne amfaninsa. A yi da safe bayan raɓa ta ɗauke. Kwanon da ya ɗau zafi yana busar da saman fentin kafin ƙasan ya kama, sai ya yi bororo.

Oktoba ce ta fi dacewa, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta sauko ba. Ƙurar nan ita ce babbar matsalarmu: tana mayar da fari ruwan ƙasa daidai lokacin da bazara ke ƙaratowa. A wanke rufin a ƙarshen Fabrairu, jarka uku ko huɗu da tsintsiya mai laushi sun isa ɗaki guda.