Daga Pune: Na Zauna Na Kalli Fim Ɗin Da Baba Ya Gani A Fagge

Assalamu alaikum, 'yan uwana na gida.

Ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, da iyali da harkoki. Nan ma lafiya lau, sai ruwa. Damina ce a nan Pune ta ƙasar Indiya, tun watan Yuni sama ba ta huta ba, har tufafi kan kwana uku a kan igiya ba su bushe ba. Karatu ne ya kawo ni garin, yau shekara biyu ke nan, kuma ba karatun fim nake yi ba. Amma akwai wani gida a kan titin Law College da ya zame mini wurin zuwa duk ranar da na samu sarari, labarinsa nake so in ba ku.

Gidan adana fina-finai ne na ƙasar Indiya, an kafa shi a 1964. Kusa da shi akwai makarantar koyon fim, wadda aka buɗe a harabar tsohon kamfanin Prabhat, inda aka yi ta shirya fina-finai tun shekarun 1930. A gidan ajiyar akwai zaure da ake nuna tsofaffin fina-finai lokaci zuwa lokaci. A nan na ga Mother India daga farko har ƙarshe, a babban allo, cikin duhu, babu mai taɓa waya.

Kun san fim ɗin, ko aƙalla kun ji sunansa a bakin manya. Ni ma a bakin Baba na fara jin sa, Allah ya ƙara masa lafiya. Yakan ce yana saurayi ya gan shi a silimar Plaza ta Fagge, ya koma, ya sake komawa, alhali ko kalma ɗaya ta Hindi bai sani ba. Tun wajen shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo fina-finan Indiya gidajen silima na Arewa, suka ga jama'a sun karɓe su hannu bibbiyu. A Kano a wancan zamani akwai Rex, wadda aka buɗe a 1937, da Palace, da El Dorado, da Orion, da Wapa, da Marhaba daga baya. Yawancinsu babu rufi, sai dare ya yi ake haska majigi. Ina yaro nakan yi mamakin yadda mutum zai zauna kusan awa uku yana kallon abin da ba ya jin harshensa. Ranar nan a zauren na samu amsa.

Mehboob Khan ne ya shirya fim ɗin, ya fito a 1957. Labarin Radha ne, matar wani manomi a ƙauye. Surukarta ta ciwo bashin rupi 500 a wurin mai ba da kuɗi da ruwa don a yi bikin ɗanta, ta jinginar da gona. Daga nan, duk kaka, kashi uku cikin huɗu na amfanin gona sai ya tafi gidan mai bashi, uwar kuɗin kuma tana nan ba ta ragu ba. Mijin ya je fasa sabuwar gona, dutse ya danne masa hannaye ya rasa su, kunya ta sa ya bar gida cikin dare. Ambaliya ta zo ta ci amfanin gona, ta rasa ɗanta ƙarami. Babu shanu, sai ita ta ɗora garma a kafaɗarta ta ja da kanta. To ku gaya mini, wane bafatake ko manomi ne daga Ɗambatta ko Maraɗi zai buƙaci tafinta kafin ya gane wannan? Bashin da ake ci kafin kaka, da rumbun da ke ƙarewa tun damina ba ta yi nisa ba, da uwar da ke cewa ta ƙoshi don yara su ci, duk abin gida ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haƙurin na'urar ɗaukar hoto. Sai a tsaya a kan fuskar Nargis, wadda ta fito a matsayin Radha, a daɗe ba a yanke ba, har ka ga tunani yana shiga yana fita a idonta. Ba ta kai shekara 30 ba a lokacin, amma ta fito amarya, ta fito uwa, ta fito tsohuwa tukuf, kuma a kowanne ka yarda. A ƙarshe ɗanta Birju, wanda zaluncin mai bashi ya mayar da shi ɗan fashi, ya sace 'yar mutumin ranar aurenta. Uwar ta ce ya dawo da ita, don mutuncin 'yar mutuncin gari ne. Ya ƙi. Ta ɗaga bindiga ta harbe shi. Ya faɗi a jikinta, a hannunsa ga awarwaronta na aure da ya ƙwato daga gidan mai bashi. Wani dattijo da ke zaune gefena, wanda na tabbata ya san fim ɗin kamar tafin hannunsa, ya cire tabarau yana share ido. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Ba na raina fassarar Indiya-Hausa da ake yi yanzu, ta kai labarai inda da ba su kai ba, kuma mutane da yawa na cin abinci da ita. Amma ina roƙon ku, idan kun samu tsohon fim irin wannan, ku ji shi da muryoyinsa na asali ko da sau ɗaya ne. Rabin aikin a cikin murya yake, da kiɗan da Naushad ya tsara wa fim ɗin, da shirun da ake bari tsakanin magana da magana. Kunnen mutanenmu ya daɗe da sanin daɗin wannan kiɗa, shi ya sa masu bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin Indiya suna ɗora yabon Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kai.

Bayan wannan na ga wasu. Na ga Mughal-e-Azam na 1960, wanda K. Asif ya shafe sama da shekara 10 yana fama kafin ya kammala, Dilip Kumar da Madhubala ne suka fito a ciki. An yi masa launi a 2004, amma ni na asali na fi so, baƙi-da-fari ɗin nan wanda kwatsam sai launi ya ɓarke a rawar da aka yi a fadar madubai. Wanda ya ga fim ɗin gaba ɗayansa da launi ba zai ji wannan tsinkewar zuciya ba. Dilip Kumar, ga wanda bai sani ba, Yusuf Khan ne sunansa na yanka, haifaffen Peshawar. Sai kuma Guru Dutt, wanda ban taɓa jin an ambace shi a gida ba. A fim ɗinsa Kaagaz Ke Phool na 1959, mai ɗaukar hoto V. K. Murthy ya yi amfani da madubai ya shigo da hasken rana cikin ɗakin aiki mai duhu, hasken ya tsaya kamar ginshiƙi a tsakiyar waƙa. Fim ɗin bai samu kasuwa ba a zamaninsa, Guru Dutt bai sake sa sunansa a matsayin darakta ba, ya rasu a 1964 yana da shekara 39. Yau ɗaliban fim na zuwa daga nesa su zauna gaban wannan haske suna nazari. Mai cewa baƙi-da-fari rashin ci gaba ne bai ga wannan ba. Mutanen nan da inuwa suke zane, kamar yadda mai ɗinkin babbar riga ke fitar da aska takwas da zare mai launi ɗaya.

Wani abu da ban sani ba sai da na zo nan shi ne fim yana mutuwa. Zaren fim na da, kafin shekarun 1950, da sinadarin naitiret ake yin sa, mai saurin kama wuta, idan ya kama kuma ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Wanda ya biyo bayansa, idan zafi da danshi suka same shi, sai ya fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe. Wasu kuma da gangan aka narkar da su don a cire azurfar da ke jiki a sayar. Indiya ta yi fina-finai marasa sauti sama da 1,000, waɗanda suka rage ba su kai 30 ba, su ma yawanci guntaye ne. Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, ya ɓace, sai hotuna. Abin da ya tsira, da yawansa albarkacin mutum ɗaya ne, P. K. Nair, wanda ya yi shekaru yana bin rumbunan kamfanonin da suka mutu da gidajen magada yana tattaro gwangwanayen fim masu tsatsa, ya kawo su Pune aka sa a ɗaki mai sanyi. Ya rasu a 2016.

A nan ne tunanina ya koma gida, raina ya sosu. Mu ma muna da namu. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana jin sunansa ba a ganin sa. Sai da aka gano zarensa a ajiya, aka gyara shi tare da wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Mutum nawa a cikinmu suka gan shi? Ga kuma fina-finan bidiyo da aka fara a Kano da Turmin Danya a 1990. A kaset aka yi su, kaset kuwa ba ya jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu. A cikinsu akwai Hausar iyayenmu, da suturar wancan zamani, da kasuwanni da unguwannin da aka rushe, da fuskokin 'yan wasa da yawa da suka riga mu gidan gaskiya. Akwai gidan adana fina-finai na ƙasa a Jos. Duk wanda ke da buhun kaset a ƙarƙashin gado ko a bayan shago, don Allah kada ya zubar. Ya fitar da su daga wurin danshi, ya nemi mai na'urar mayar da su kwamfuta, ya rubuta sunan kowane fim da shekararsa.

Ranar da na fito daga zauren na kira Baba. Na ce masa na ga fim ɗinsa. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko har yanzu akwai wurin nan na ƙarshe, inda aka buɗe wa gari sabuwar hanyar ruwa, tsohuwar ta ga ruwan ya zama ja kamar jinin ɗanta. Na ce yana nan, Baba. Ya ce to idan zan dawo hutu in zo masa da shi, mu kalla tare da jikoki bayan sallar isha'i. Na riga na saya, yana cikin jakata.

A gaishe da kowa da kowa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sada mu da alheri.

Naku,
ɗan uwanku a Pune.