Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Faɗuwata a Ƙofar Doka

A makon jiya na tsaya ne a kan keken Phoenix ɗin da na saya na hannu, wanda da shi nake zuwa makarantar firamaren da nake koyarwa daga gidanmu na Tudun Wadan Zariya. Wata Laraba cikin daminar 2012, ina wucewa ta Ƙofar Doka bayan an ɗauke ruwa, tayar gaba ta zame a taɓo, na kifa, gefen kaina na dama ya bugi bakin kwalbati. Ba abin da ke kaina sai hular saƙa. Jini bai fito ba, sai kumburi kamar ƙwan zabo. Jama'a suka ɗaga ni suna ta sannu, wani yaro ya matse tayar tsakanin cinyoyinsa ya daidaita mini kan keken, na hau na koma gida ina ganin an rabu lafiya.

Maiɗakina ce ta fara lura, domin sau uku na tambaye ta ko yara sun dawo daga Islamiyya, alhali suna zaune a gabana. Bayan magariba na yi amai sau biyu, ciwon kai yana ƙaruwa, barci yana fizgata. Ta ce, "Malam, wannan ba gajiya ba ce." Na ce gobe ma rana ce, ta ƙi ji, ta aika aka kira maƙwabcinmu ma'aikacin jinya. Ya haska idanuna da tocila, ya duba ko wani ruwa na fita ta hanci ko kunne, sannan ya ce a nemo mota yanzu.

A asibiti likitan ya yi mini bayanin da har yau bai bar raina ba. Ƙashin da ke tsakanin ido da kunne ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsage, jini yakan taru a hankali tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa, mutum ya yi sa'o'i yana hira garau kafin ya fita hayyacinsa. Na tuna yadda na tuƙo keke har gida, jikina ya yi sanyi.

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna babu jini, girgiza ce kawai ta samu. Duk da haka sai da na kwana, ana tashina ana tambayar sunana da ranar da muke ciki. Aka hana ni asfirin saboda yana tsinka jini, aka ce farasitamol da hutu. Mako biyu na yi rubutun allo yana sa mini jiri, keken kuwa yana jingine a zaure da taɓon Ƙofar Doka a jikinsa. Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.