Kafin a rubuta manhaja, je ka zauna kusa da akawu

Yawancin matasan da ke shigowa aikin nazarin tsarin kamfanoni suna ɗauka cewa wahalar tana wajen fasaha: sanin rumbun bayanai, iya zana taswirar aiki, haddace sunayen manhajoji. Wannan kuwa shi ne ɓangare mai sauƙi. Ainihin aikinmu shi ne tsayawa tsakanin masu kamfani da masu rubuta manhaja, mu tono abin da ake buƙata, mu rubuta shi yadda mutum biyu ba za su fahimce shi ta fuska biyu ba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin gina OS/360, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin kamfanin IBM na lokacin, ya faɗa tun 1986 cewa a harkar gina manhaja babu abin da ya kai tantance me za a gina wuya, kuma babu kuskuren da ya fi nasa wuyar gyarawa daga baya. Na karanta wannan ina ɗalibi, na gyaɗa kai, sannan na fita na tafka abin da yake gargaɗi a kai. Shi ya sa nake rubuto muku, ƙannena, ko kwa rage hanya.

Aikin farko da aka damƙa mini ni kaɗai na wani kamfani ne mai rarraba kaya ga diloli. Suna so su rabu da takardu su koma manhaja guda da za ta riƙe oda da sito da bashi. Na bi manajoji ɗaya bayan ɗaya, muka zauna a ɗakin taro, suna faɗa ina rubutawa. Manajan kuɗi ya ce mini, har yana buga tebur, ba a sakin kaya ga dilan da bashinsa ya wuce iyakar da aka yanka masa. Na rubuta. Masu manhaja suka gina abin daram yadda na rubuta: da zarar bashi ya haura iyaka, oda ta tsaya cik. Makon da aka fara aiki da ita, motoci suka yi lodi suka kasa fita, domin manyan dilolin kamfanin, waɗanda su ke kwasar mafi yawan kaya, kusan kullum suna sama da iyakarsu. Sai ƙarshen wata suke biya, kuma ba su saɓawa.

Sai a ranar na taka zuwa ƙaramin ofishin da ke jikin sito. Wata dattijuwar akawu ta jawo aljihun tebur ta fito da littafi mai shuɗin bango, gefunansa duk sun nannaɗe saboda yawan buɗawa. Kowane shafi da sunan dila, da ranar da manajan ciniki ya bugo waya ya ce a saki kaya, da adadin da ya lamunta. Na ce, "Hajiya, yaya aka yi ba wanda ya gaya mini akwai wannan?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, ai ba ka zo ka tambaya ba. Can sama ka tsaya."

Manajan kuɗi bai yi mini ƙarya ba. Dokar ya faɗa yadda take a rubuce. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a kamfani masu ɗakin su ne waɗanda aikin ke bi ta hannunsu kullum. Manaja yana ba ka labarin yadda ya kamata aiki ya tafi, shi kuwa akawu a gabansa aikin ke karkacewa, kuma shi ke tallafe shi da dabarunsa ba tare da kowa ya sani ba.

Don haka ka je wurin, ka jawo kujera, ka zauna. Kamfanin Toyota ya yi suna da wannan tarbiyya, har ana ba da labarin cewa Taiichi Ohno, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyinsa, yakan zana da'ira a ƙasan masana'anta ya ce wa sabon injiniya ya tsaya ciki ya yi ta kallo har sai ya ga inda ake asara. In ka zauna, kada ka ce "yaya kuke yin kaza?", don za a karanto maka abin da aka koya musu ranar ɗaukar aiki. Ce musu, "nuna mini odar ƙarshe da ta ba ka ciwon kai." Ka lura da 'yar takardar da aka manna a gefen allon kwamfuta. Ka tambayi fayil ɗin Excel da kowa ke amfani da shi amma ba ya cikin jerin kayan aikin kamfani. Duk inda ka ga irin wannan fayil, akwai wata buƙata da tsohon tsari ya kasa biya, wani ya toshe ta da kansa. Ka dawo a ƙarshen wata lokacin rufe lissafi, ka dawo ranar da intanet ta ɗauke, ka ga me ake yi idan direba ya dawo da rabin kaya, ko kwastoma ya biya kuɗin oda biyu a dunƙule. Aiki na lafiya lau kowa na iya zana shi cikin awa guda. Abubuwan da ake ce maka "ai wannan ba kasafai yake faruwa ba", su ke kayar da manhaja.

Wannan ba matsalar ƙananan kamfanoni kaɗai ba ce. A watan Oktoba na 1992 hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan ta ƙaddamar da sabuwar manhajar tura motoci. An gina ta bisa zaton cewa kullum za ta san inda kowace mota take, kuma ma'aikata za su riƙa danna maɓallan sanar da halin da suke ciki daidai ba kuskure. A titi ba haka abin yake ba: rediyo na yankewa, ma'aikaci na gaggawa ya manta, wani ya ɗauki motar da ba ita aka tura ba. Kira ya taru, marasa lafiya suka jira sa'o'i, cikin 'yan kwanaki aka koma takarda da biro. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba a ja ma'aikatan a jiki yadda ya kamata ba, horon da aka ba su kuma bai wadatar ba.

Bayan na koyi sauraron na ƙasa, sai na zarme ta wani ɓangaren: duk abin da na ga ana yi sai in kwafe shi cikin manhaja. Wani kamfani yana da fom ɗin sayen kaya mai sa hannu huɗu, na tsara a mayar da shi na kwamfuta da matakai huɗu, ina ta jin daɗi. Jinkirin bai ragu ko kaɗan ba, fom ɗin da a da yake kwana a kan tebur yanzu yana kwana a akwatin imel. Da na bi diddigi, ɗaya daga cikin masu sa hannun bai taɓa mayar da fom ko guda ba, ba ya ma karantawa. An ƙara shi ne shekaru da suka wuce saboda wata matsala da tuni aka magance ta wata hanyar. Tambaya ɗaya ce ban yi ba: wannan matakin, me yake karewa?

Michael Hammer, masanin sake fasalin ayyukan kamfanoni, ya kawo misalin da ya dace da wannan a 1990. Sashen biyan masu kawo kaya na kamfanin Ford a Arewacin Amurka yana da ma'aikata sama da 500, shugabanni suna fatan kwamfuta ta rage musu kashi 20 cikin ɗari. Sai suka leƙa Mazda suka tarar mutum 5 ke wannan aikin. Ko an cire bambancin girman kamfanonin, tazarar ta yi yawa. Da suka duba, yawancin lokacin ma'aikatansu yana tafiya ne wajen sasanta takardu uku da ba su jituwa: takardar oda, takardar karɓar kaya, da takardar neman biya. Sai suka jefar da ta ukun gaba ɗaya. Mai saye ya shigar da oda a rumbun bayanai, kaya suka iso aka duba suka yi daidai da odar, biya ya fita. Ma'aikatan sashen suka ragu da kashi 75 cikin ɗari. Da sun kira irina a lokacin, da na gina musu manhaja mai saurin sasanta takardu uku. Sai dai ka yi hattara, ba kowane mataki mai ban haushi ne na banza ba. Wani odita ne ya sa shi, wani doka ce ta tilasta. Ka san dalili kafin ka ba da shawarar cirewa.

Haka ma idan manaja ya ce maka "ina son rahoto kaza kowace safiya", bai faɗi buƙatarsa ba, maganin da ya yanke wa kansa ya faɗa. Tambaye shi wace shawara zai yanke in ya ga rahoton. Sau da yawa za ka tarar abin da yake so shi ne a sanar da shi idan wani kaya ya kusa ƙarewa a sito, ba shafi goma na alƙaluma ba.

Akwai wani rami kuma da ba a ganinsa sai an faɗa. Na taɓa tsara allon rahoton cinikin wata, ranar nuna shi shugabannin sassa uku suka ce alƙaluman ba daidai ba ne, kuma kowa da nasa adadin. Sashen ciniki yana ƙirgawa tun ranar da aka karɓi oda, sito sai ranar da kaya suka fita, akanta kuwa sai ranar da aka fitar da takardar neman biya. Duk ukun na zauna da su, duk sun ce "ciniki", ban taɓa tsayar da su na ce a wane lokaci ne abu ke zama ciniki ba. Irin wannan saɓani na iya cinye dukiya mai yawa. Kamfanin Lidl na Jamus ya fara aikin sauya tsarin sarrafa kayansa zuwa manhajar kamfanin SAP a 2011, ya watsar da shi a 2018 bayan kashe kusan Yuro miliyan 500. Cikin dalilan da jaridun kasuwanci suka kawo akwai cewa Lidl yana ƙimanta kayan sitonsa da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa, kamfanin ya ƙi sauya al'adarsa, aka yi ta lanƙwasa manhajar har abin ya gagara. Tun makon farko ka buɗe shafi guda ka rubuta me ake nufi da kwastoma, da oda, da kayan da suka lalace, ka sa sassan su yi gardamarsu a gabanka tun ba a rubuta layin manhaja ko ɗaya ba.

Wajen rubutu, ka guji jimlolin da ba wanda zai ƙi su. "Tsarin ya zama mai sauri da sauƙin amfani" na sha rubuta shi, kowa ya sa hannu, don ba ya ɗaure kowa. Rubuta abin da za a iya gwadawa: idan akawu ya nemi sunan kwastoma, amsa ta fito cikin daƙiƙa 2 ko da mutum 200 suna aiki a lokaci guda. In ka kasa faɗin yadda za a gwada buƙata, ba ka gama fahimtar ta ba. Kada ka manta da abubuwan da ba mai ambata a taro: wa ke da ikon ganin albashin wa, wa zai iya goge oda kuma ina za a ga sawunsa, yaya za a kwaso tsofaffin bayanai da dila ɗaya ke da suna uku a cikinsu.

Sannan ka koyi cewa a'a. Dabarar da wani masanin manhaja, Dai Clegg, ya fito da ita a 1994 tana raba buƙatu gida huɗu: na dole, na ya kamata, na in da hali, da waɗanda ba za a yi ba a wannan karon. Gida na huɗun ne ya fi amfani kuma shi aka fi bari fayau, saboda ba mai son ɓata wa shugaba rai. Hukumar FBI ta Amurka ta watsar da manhajar adana bayanan bincikenta a 2005 bayan kashe kusan dala miliyan 170, kuma buƙatun da ba a tsayar ba, suna ta sauyawa, suna cikin manyan dalilai. Wasu matasan za su ce ai yanzu zamanin Agile ne, wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa, tun da aka fitar da sanarwar ƙa'idojinsa a 2001 an daina dogon rubutu. Abin da aka rage shi ne tulin takardu. Fahimtar aiki tana nan a wuyanka, sai dai yanzu kana yin ta kashi-kashi. Kuma kada sa hannun manaja a kan kundi mai shafi ɗari ya ruɗe ka, bai karanta ba. Zana masa allon a takarda, ka ba akawu ka ce ya shigar da odar jiya a kai. Cikin minti goma zai nuna maka gurbin da ka manta.

Abu na ƙarshe ya fi sauran yi mini ciwo. Wani ma'aikacin sito ya amince da ni ya nuna mini yadda suke tsallake wani mataki don motoci su fita kan lokaci. Na saka shi a rahotona da sunan sashensa, ina ganin na yi bincike mai kyau. Aka ba shi takardar tuhuma. Daga ranar duk wanda na tunkara a kamfanin sai ya karanto mini doka, aikin ya ƙare da rabin gaskiya. Mutanen da kake tambaya suna tsoron abu biyu, kada manhaja ta cinye aikinsu, kada kuma abin da suka faɗa ya dawo kansu. Yanzu nakan faɗa wa shugabanni tun ranar farko cewa rahotona zai bayyana inda tsari ya gaza ba tare da sunan kowa ba, kuma duk abin da na ji daga bakin ma'aikaci sai na karanta masa yadda na rubuta shi ya yarda kafin ya hau sama.