Injin da ya fi ƙarfin motarsa

Hoto ne Alhaji ya zo da shi a waya. Wata 'yar mota ce marar rufi, mai kujera biyu, hancinta dogo kamar kwalekwale, tayoyin gaba a waje, kowace da 'yar hularta irin ta babur. Ya miƙa wa maigidana wayar ya ce, "Malam, irin wagga nika so. Kuna iyawa?" Maigida ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini, domin ni ne mai walda a garejinmu da ke Birnin Kebbi, lokacin ina shekara ta shida a hannunsa.

Sunanta Lotus Seven. Wani injiniya ɗan Ingila, Colin Chapman, ya fito da ita a 1957, kuma tun farko akan sayar da ita a wargaje, mutum ya saya ya ɗaure abarsa a gida. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, har yau suna yi. Masu kwaikwayon tsofaffin motocin tsere sun fi farawa da ita saboda ba ta da lanƙwashe-lanƙwashen bodi masu wuyar bugu. Ƙashinta bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa aka lulluɓe da falankin alminiyon. Nauyinta wajen kilo 500 ne, injinta na farko kuwa ɗan Ford ne mai sisi 1172 (sisi ma'aunin girman inji ne, dubu ɗaya lita ɗaya) wanda ƙarfinsa bai kai doki 50 ba. Wannan adadi na ƙarshe na karanta shi tun a makon farko, amma ban tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa motar tsere za ta wadatu da shi ba.

Alhaji yana da Lexus LS400 da ta yi haɗari tana kwance a gida, injinta lafiya lau: silinda takwas, lita huɗu, doki 250. Ya ce ga inji a hannu, me za a je saye? Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga inji ya fi ƙarfin wagga mota." Alhaji ya kawo misalin Cobra, ƙaramar motar Ingila da Carroll Shelby ya dasa wa injin Ford mai silinda takwas a 1962 ta zama abin kwatance. Ni ma na goyi bayan Alhaji da zafina, don ina son a ce a garejinmu aka yi motar da babu mai kamo ta a garin. Maigida bai ƙara magana ba. Ya ce in je in fara.

Kuskurena na farko shi ne na ƙera shasi, wato ƙashin motar, kafin in auna inji. Mako uku ina yankan bututu mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, ina ɗiga walda nan da can kafin in bi ta gaba ɗaya don kada zafi ya karkatar da ƙarfen. Aikin ya yi kyau, ban ɓoye ba. Ranar da muka rataye injin da sarƙa muka fara sauke shi a ciki, kawunansa biyu suka zauna a kan bututun sama suka ƙi wucewa. Bututun hayaƙi na hagu ya tare daidai inda sandar sitiyari za ta bi. Giyar kuwa mai sarrafa kanta ce, ƙatuwa, ta cinye wurin da direba zai sa ƙafa. Sai na ɗauko injin yanka na cire sanduna biyu da suka gitta a kaikaice, na buɗa gaban, injin ya shiga. Na ɗauka na yi dabara.

Da yamma maigida ya zo ya sa jak a ƙarƙashin kusurwa ɗaya ta gaba, ya ce in tsuguna in duba. Kafin in yanke sandunan nan, in ka ɗaga kusurwa ɗaya, gefen gaba ɗaya ne ke tashi tare. Yanzu kusurwar ta tashi ita kaɗai, sauran ukun suna ƙasa, shasin yana murɗewa kamar tabarma. Ya ɗauki karan dawa huɗu ya haɗa murabba'i, ya tura da yatsa, ya kwanta. Ya gitta na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sake turawa, ya ƙi motsi. "Ka gani, yaro? Ƙarfin wagga mota ba kaurin ƙarfe ba ne, waɗanga da ka cire su ne ƙarfinta." A ranar na fahimci cewa siririn bututu yana ɗaukar kaya ne idan ana jan sa ko ana tura shi ta tsawonsa, kuma siffa mai kusurwa uku ce ke tilasta hakan. Da zarar ka bar murabba'i a buɗe, nauyin yana komawa kan walda, wata rana kuwa sai ta tsage.

Duk da haka muka ci gaba, muka yi ƙari inda za a iya. Mai wayarin ya yi kwana goma yana bin wayoyin ƙwaƙwalwar injin kafin ya tashi. Muka fita gwaji da asuba a hanyar Kalgo, babu bodi. Injin da aka yi don jan mota mai kilo 1,700 ya sami abin da bai kai rabin haka ba. Ka taɓa totur kaɗan, tayoyin baya su hau juyawa a wuri ɗaya, gindin motar ya zame gefe. Ka shiga kwana, nauyin gaba ya ja ka waje, sitiyari ya yi tauri. Kafin rana ta ɗaga lagireto ya tafasa, zafin salansa kuma yana gasa ƙafar direba. Alhaji ya karɓa ya tuƙa da kansa, bai yi nisa ba ya tsaya, ya fito ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya dubi maigida ya ce, "Malam, yi yadda ka gani."

Daga baya na koma na karanta tarihin Cobra ɗin da muka kafa hujja da ita. Ashe da suka zo sa babban injin nan mai lita bakwai da ake kira 427 a 1965, sabon shasi suka yi: manyan bututun suka tashi daga inci uku zuwa huɗu, aka sauya sifirin, aka faɗaɗa bodi. Su ma injin ne ya faɗa musu irin motar da za a gina masa.

Maigida ya zaɓi injin Peugeot 504, Fijon da kowa ya sani. Da farko raina bai so ba, ina ganin injin tasi ne da a-kori-kura. Amma dalilansa sun fi nawa. Silinda huɗu ne, sisi 1971, doki casa'in da 'yan kai, an yi shi don mota mai wajen kilo 1,200, ke nan a jikin 'yar motarmu ya isa har ya yi yawa. A kwance yake zuwa dama da digiri 45, don haka hancin mota zai zauna ƙasa yadda yake a hoto, hagu kuma ya bar wa sitiyari hanya. Tayoyin baya yake turawa, giyarsa ta hannu ce siririya. Babu ƙwaƙwalwa, kafireto ne da fulogi, duk bakaniken da ke tsakanin Jega da Kamba zai iya kwance shi ya mayar, kayansa kuma in an rasa a nan ana samu a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ga shi kuma ba baƙon tsere ba ne: 504 ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, shekarar da aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna.

Wannan karon a ƙasa muka fara. Muka ajiye inji da giya a kan katako daidai tsayin da za su zauna, muka ajiye aksil na baya, muka sa Alhaji ya zauna a kan falanki ya miƙe ƙafa kamar yana taka birki. Na zagaye su duka da alli. Muka ja injin baya har ya wuce layin tayoyin gaba, don nauyi ya rabu tsakanin gaba da baya. Sai da wannan ya zauna sannan na yanki bututu na farko, kuma ko sanda ɗaya ban sake cirewa ba.

Zafi ne ya fi ba mu aiki, don motar an tsara ta ne a ƙasar sanyi, mu kuwa a watan Afrilu mukan wuce digiri 40. Na zaci babban lagireto shi ne magani. Hancin ba ya ɗaukar babba, kuma matsalar ba a nan take ba. Iska tana shiga ta hanci, sai ta bi gefen lagireto ta wuce, wadda ta ratsa shi kuma ta rasa mafita. Muka toshe gefunan da falanki don dole ta bi ta cikinsa, muka tsattsaga bonet da gefe don mai zafi ta fita, muka ƙara fanka ta lantarki. Wani abokin aiki ya ce mu cire abin nan mai tsare ruwa har inji ya ɗumama, kamar yadda aka saba yi a garejoji da yawa. Maigida ya hana, kuma ina tare da shi: cire shi ɓoye ciwo ne, injin ya daɗe yana aiki da sanyi da safe, yana shan mai yana cin kansa.

Wata bakwai aikin ya ɗauka. Alhaji ya tuƙa ta zuwa Argungu ni ina gefensa, idona a kan allurar zafi har muka isa, ba ta wuce tsakiya ba. A kwana motar tana bin hannu tun kafin ka gama juya sitiyari.

Yanzu wani ya kawo hoton Porsche 550, wadda masu kwaikwayo suka saba gina ta da injin Volkswagen Beetle mai sanyaya kansa da iska, a bayan direba. Injin yana nan a ƙasan gareji a kan katako, alli a gefensa. Na gaya wa mai aikin sai na tayar da shi da tsakar rana a bazara na auna zafin baƙin mai tukuna, kafin in taɓa bututu.