Yadda fatsa ta sama min jama'a a Aberdeen

Duk wanda ya zo Sikotland zai ce maka sanyi ne matsala, ni kam kaɗaici ya fi damuna, daga wajen aiki sai gida sai masallaci ranar Juma'a, lokacin hunturu kuma kafin ƙarfe huɗu gari ya yi duhu. Wani dattijo maƙwabcina da nake ce wa Baba shi ya ja ni kulob ɗinsu na masu fatsa da ya ji ni mutumin Yauri ne, a bakin ruwa na tashi. Ka biya kuɗin shekara su ba ka takardar izini, don a nan ba a jefa wa kifin da ake ce wa samon ƙugiya sai da izini a rubuce, kuma akwai masu gadin kogi da ke zagayawa.

Dokoki kam sai wanda ya gani. Ranar Lahadi ba a kama samon, doka ce ta ƙasa. Kogin Dee ana buɗe shi 1 ga Fabrairu, Kogin Don kuma 11 ga wata, kamun kifin tirawut sai 15 ga Maris. Samon da ka kama da fatsa haramun ne ka sayar.

Amma abun da ya tsaya min a rai shi ne sakin kifin. A gabana Baba ya sha fama da wani ƙaton samon, ya shiga ruwa har ƙugu cikin wandon roba, da ya jawo shi cikin koma ko ɗaga shi sama bai yi ba, ya jiƙa hannu ya zare ƙugiyar ya riƙe shi yana fuskantar inda ruwa ke tahowa har ya farfaɗo ya wuce. Na ce haba Baba, wannan ai miyar kwana uku ce! Ya ce min kifin nan a kogin nan aka ƙyanƙyashe shi, ya tafi teku wasu har wajen tsibirin Girinland, ya dawo ya saka ƙwai inda aka haife shi, kuma tun da ya shigo kogi ya daina cin abinci. Su da suka ga yawansa a da wallahi har idonsu ke kawo ruwa in suna maganar yadda ya ragu, a 2023 ma aka sa samon na Birtaniya cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Gaskiya na ga hikimar, don mu ma a gida da ido muka ga giwan ruwa na raguwa.

Ƙugiyar tasu ma daban ce, gashin tsuntsu ake ɗaura mata da zare ta zama kamar ƙwaro, har yanzu ina koyo. Ran Asabar mukan fita aikin gayya mu gyara hanyar bakin kogi mu kwashe shara, a sha shayi tare, in lokacin sallah ya yi su da kansu ke tuna min. Baɗi in Allah ya kai mu zan yi wa babban yarona rajista.