Ranar da Kafet Ya Bar Ɗakina

Asabar, tsakiyar Agusta.

Daren jiya ma ban runtsa da kyau ba. Wajen ƙarfe uku Auta ya farka da tari, ƙirjinsa na fito kamar ana busa usur, sai da ya shaƙi maganinsa sannan numfashin ya daidaita. Karo na uku ke nan cikin mako guda. Ina idar da sallar asuba na ce wa Abbansu yau dai kafet ɗin nan zai fita.

Tun ranar Talata likita ta yi mini bayanin da ya tsaya mini a rai. Wasu ƙwari ne a cikin ƙurar ɗaki, ba su kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsu. Ba sa cizo. Ɓarɓashin fatar da ke zuba daga jikinmu shi ne abincinsu, kashinsu kuma shi ke tayar wa yaron asma idan ya shaƙa. Katifa, filo, kafet da labule mai kauri, nan ne gidajensu. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba sa shan ruwa, danshin iska suke zuƙa, shi ya sa damina ce kakarsu. Ni kuwa shekara da shekaru hunturu kaɗai nake ɗora wa laifi.

Na ji kunya ƙwarai, don ina cikin matan da ke alfahari da shara sau biyu a rana. Ashe tsintsiyar tayar da abin take yi sama, yaro ya shaƙa, sauran ya koma ya kwanta inda yake.

Muna cikin naɗe kafet sai ga Umma daga Gwammaja. Ta tsaya a bakin ƙofa, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ke, kafet ɗin da na yi adashe na saya miki na aure za ki fitar?"

"Umma, ki yi haƙuri, jikanki ne ba ya barci."

Ta leƙa ta ga ƙurar da ta kwanta a ƙarƙashinsa, laushi kamar garin tuwo. Ba ta ƙara cewa komai ba, sai ta ja Auta suka koma tsakar gida, wai kada ya shaƙa. Ni ma da takunkumi na yi aikin.

Wanki ne ya cinye mini yini. Likita ta ce ruwan sai ya kai zafin digiri 60 kafin ya kashe ƙwarin, kuma duk mako. Ba ni da ma'auni, don haka na haɗa bokitin tafasasshe da bokitin na famfo, na jiƙa zannuwan gado da rigunan filo, na bar su suka jima. Gawayi ya sha kashi. Katifa na jingina ta a rana, ido ɗaya a kanta ɗaya a gabas, ai kuwa kafin la'asar hadari ya haɗo, muka kwashe da gudu. Simintin ɗaki da kan durowa da jiƙaƙƙen tsumma na bi su. Abbansu ya ce ranar Litinin zai duba Sabon Gari ko za a samu rigar katifa mai zif wadda ƙura ba ta ratsawa.

Saura magana ɗaya da ban gaya wa Umma ba: likita ta hana turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a ɗakin da Auta yake kwana. Wannan ba ta shafi ƙwarin ba, hayaƙin ne kansa. Ga shi yau Umma ta zo mini da kwalbar turare guda, na karɓa hannu biyu na yi godiya, na sa a can ƙasan akwati.

Yanzu ƙarfe goma ta wuce. Ɗakin ya yi fayau, har murya amsawa take. Auta ya yi barci cikin gidan sauro, maganinsa na gefen filona, ni kuma ina ta kasa kunne.